Launuka a cikin The Great Gatsby: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Wannan shafin na tara tambayoyin da ɗaliban adabi da masu karatun nishaɗi suka fi yi ne game da kaloli a littafin The Great Gatsby. Gargaɗi tun da wuri, zan taɓo har ƙarshen labarin, saboda haka in ba ka gama karantawa ba kuma ba ka son a ɓata maka, ka je ka ƙarasa tukunna ka dawo.

Wai wane littafi ne ma wannan, kuma me ya ƙunsa?

Ba'amurke ne ya rubuta shi, F. Scott Fitzgerald, ya fito a watan Afrilun 1925, babi 9 ne kacal. Labarin ya faru ne a bazarar 1922 a tsibirin Long Island kusa da birnin New York, lokacin da doka ta hana sayar da giya a Amurka (daga 1920 zuwa 1933) amma kuma ana sha ana fasa-ƙwaurinta ana yin kuɗi na fitar hankali da ita. Mai ba mu labarin shi ne Nick Carraway, ya kama ɗan ƙaramin gida haya a West Egg, unguwar sabbin masu kuɗi, sai ya zama maƙwabcin wani attajiri da ba wanda ya san asalinsa, Jay Gatsby. Can tsallaken ruwa a East Egg, inda masu tsohon arziki suke, akwai Daisy 'yar uwar Nick da mijinta Tom Buchanan. Gatsby ya so Daisy tun 1917 a garin Louisville yana ƙaramin hafsan soja ba ko sisi, ya tafi yaƙi, ta auri Tom a 1919. Duk dukiyar da ya tara da katafaren gidan da ya saya da shagulgulan da yake haɗawa duk mako, don ita ne kawai, don ta waiwayo.

Da gangan marubucin ya zuba kalolin nan, ko malaman adabi ne ke ƙaƙaba wa littafin abin da ba shi da shi?

Da gangan ne, kuma akwai shaida tun kafin ka buɗe shafin farko. Cikin sunayen da ya so ya sa wa littafin akwai wanda ke nufin Gatsby mai hular zinare, akwai kuma wanda ya zo da shi daf da a fara bugawa, mai ambaton ja da fari da shuɗi, wato kalolin tutar Amurka, amma lokaci ya ƙure ba a canza ba. Har 'yar waƙar da aka sa a farkon littafin ma maganar hular zinare take yi, cewa ka sa ta in dai ita za ta motsa zuciyar wadda kake so. Mutumin da kala ba ta dame shi ba, ba zai yi ta juya irin waɗannan sunaye a ransa ba.

Inda nake rabuwa da wasu malamai shi ne wannan jadawalin da ake bai wa ɗalibai su haddace: kore buri, fari tsarki, rawaya ruɓa, shuɗi mafarki, shi kenan an gama. Wallahi wannan yana kashe littafin. Kala a wurin Fitzgerald ba ta zama wuri ɗaya, tana canzawa ne da wanda ke kallo, da nisan da yake tsaye, da kuma abin da zuciyarsa ke so ta gani. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan na gina su.

Mece ce koriyar fitilar nan da kowa ke magana a kai?

Fitila ce ta gaske, 'yar ƙarama, a ƙarshen gadar da ake ɗaure jiragen ruwa ta gidan su Daisy, tana ci duk dare. Wurare uku ne manya da ta fito, kuma in ka jera su za ka ga labarin gaba ɗaya a ciki.

Na farko ƙarshen babi na 1. Nick ya dawo daga cin abincin dare a gidan su Daisy, sai ya hango maƙwabcinsa tsaye shi kaɗai cikin duhu a filin gidansa, ya miƙa hannuwa biyu wajen ruwa, har Nick yana ganin kamar jikin mutumin rawa yake. Ya duba ta can bai ga komai ba sai wani ɗan ɗigon haske kore can nesa. Ka lura a nan ba mu san ko waye Gatsby ba, ba mu ji muryarsa ba, abu na farko da muka sani game da shi shi ne yana miƙa hannu ga abin da hannunsa ba zai kai ba.

Na biyu babi na 5, ranar da suka haɗu da Daisy bayan kusan shekara 5, ana ta ruwan sama. Yana zagayawa da ita cikin gidansa sai ya ce mata da ba don hazo ba da sun hango gidansu, kuma kullum akwai koriyar fitila a ƙarshen gadarsu. Ta saƙala hannunta cikin nasa, amma shi hankalinsa ya tafi, kuma a nan ne Nick ya fahimci cewa girman da fitilar take da shi ya gushe, ta koma fitila kawai a kan gada, abubuwan da suke da sihiri a rayuwar Gatsby sun ragu da ɗaya. Wannan wurin yana taɓa ni fiye da mutuwarsa ma. Ranar da ya fi kowace farin ciki a cikin shekara 5, ita ce ranar da ya fara asara, don Daisyn da ke tsaye a gefensa mutum ce mai miji da 'ya da tsoro da son jin daɗi, ba za ta taɓa kai wadda ya gina a ransa ba. Kuma dubi dabarar marubucin, a daidai lokacin da Daisy ta zo kusa, hazo ya rufe fitilar, ba a ganin su biyun a lokaci guda.

Na uku shafin ƙarshe. Gatsby ya mutu, Nick yana kwance a bakin ruwa yana tunanin ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙasar Holan da suka fara hango tsibirin nan kore shar, sabuwar duniya a idonsu, sai ya haɗa wancan koren da fitilar Daisy. Daga nan maganar ta tashi daga mutum ɗaya ta zama ta ƙasa guda, Amurka da alƙawarin da take yi wa kowa cewa gobe za ka kamo, ka dai ƙara gudu.

To kore ɗin kuɗi ne ko buri? Malaminmu ya ce kuɗi, wani littafin sharhi ya ce buri.

Duk biyun, kuma ba sa rabuwa, matsalar Gatsby kenan. Takardar dala koriya ce a bayanta, Amurkawa sun daɗe suna danganta kore da kuɗi, sannan shi da bakinsa ya ce wa Nick muryar Daisy cike take da kuɗi. Bai san yadda zai so ta ba tare da son duniyar da ta fito ba, gidan iyayenta na Louisville ya ruɗe shi kamar yadda ita ta ruɗe shi. Akwai kuma wani kore da mutane ke tsallakewa a babi na 6: ranar da James Gatz ɗan shekara 17, ɗan manoma talakawa daga North Dakota, ya hango jirgin ruwan attajiri Dan Cody a tafkin Superior ya ari kwalekwale ya je wurinsa da sabon suna, yagaggiyar riga koriya ce a jikinsa. Wato tun ranar da aka haifi Jay Gatsby koren yana nan, kafin Daisy ma ta shigo.

Me ya sa Daisy kullum cikin fararen kaya? Yana nufin ba ta da laifi?

Ganin farko da muka yi mata ita da ƙawarta Jordan Baker suna kan wata babbar kujera cikin fararen riguna, iska na kaɗa labulaye da rigunan kamar yanzu suka sauko daga sama. A Louisville ma tana 'yar shekara 18 farare take sawa, 'yar motarta fara. A babi na 7, ranar tsananin zafin nan da komai ya tarwatse, sun sake fitowa cikin fari. Saboda haka eh, fari shi ne yadda Gatsby ke ganinta, da yadda ajinsu ke son a gan su.

Amma ka tambayi kanka, wa ke iya zama cikin fararen kaya a garin da ake ƙona gawayi dare da rana? Sai wanda wasu ke yi masa wanki, wanda ba ya taɓa aiki da hannunsa. Farin nan tsada gare shi, kuma wasu ne ke biya. Daisy ce ke tuƙa motar Gatsby lokacin da aka kaɗe Myrtle, matar George Wilson mai gareji, har ta mutu, ba ta tsaya ba, ta bar Gatsby ya ɗauki laifin, ko fure ba ta aiko ba ranar jana'izarsa, ita da Tom sun tattara kaya sun bar gari ba su bar adireshi ba. Rigarta dai ba ta yi datti ba.

Akwai wani ɓangaren da littattafan sharhi da yawa ke zamewa a kai kuma bai kamata mu mu zame ba. A babi na 1, a kan teburin cin abinci, Tom yana ta ɓaɓatu game da wani littafi da ya karanta mai cewa in farar fata ba su yi hattara ba sauran jinsuna za su shafe su. Sunan littafin da marubucinsa a labarin ƙirƙira ce, amma yana nuni ne ga wani littafin wariyar launin fata na gaske da Lothrop Stoddard ya fitar a 1920. Don haka fari a gidan Buchanan ya haɗa har da wannan, katanga ce da ke cewa wane ne namu wane ne bare.

Akwai bambanci tsakanin ruwan zinare da ruwan ɗorawa, ko duk ɗaya ne?

Masu sharhi da yawa suna raba su, kuma ina ganin suna da hujja. Kamar sarƙar gwal ta gaske ce da wadda aka yi wa wankin gwal, daga nesa duk ƙyalli ɗaya. Zinare yana bin masu tsohon arziki: Nick ya kira Daisy yarinyar zinare, 'yar sarki a can saman farar fada, hannun Jordan ma ruwan zinare ya kira shi, a wurin shagali Daisy ta miƙa wa Tom ɗan fensirinta na zinare. Rawaya kuwa ta fi yawa a harabar Gatsby, 'yan mata biyu masu riguna ruwan ɗorawa iri ɗaya a shagalinsa, har kiɗan da ake yi ma Nick ruwan ɗorawa ya kira shi, sai kuma motar. Ginin da garejin Wilson yake ciki na bulo ne ruwan ɗorawa. Ranar da za a kashe Gatsby, da ya nufi wurin ninƙaya ɗauke da katifar iska, cikin itatuwan da ganyensu ya fara komawa rawaya ya ɓace.

Sai dai kar ka ja layin da ƙarfi har ya tsinke. Gatsby ma yana da zinare na gaske, kayan gyaran gashi da ke kan teburin ɗakin kwanansa na tsantsar zinare ne, Daisy ta ɗauki buroshin ta shafa gashinta tana murna. Ranar haɗuwarsu kuma farar kwat ya sa da riga ruwan azurfa da laktaye ruwan zinare, wato ya yi shigar duniyarta daga sama har ƙasa. Zinaren yana iya saya. Abin da ya gagare shi saye shi ne a ce an haife shi a ciki.

Motar Gatsby wace kala ce takamaimai? Na ga wurare daban-daban sun faɗi abu daban.

Ba kuskuren bugu ba ne, kuma wannan ce tambayar da na fi so a yi min. A babi na 4 da Nick ya fara bayyana ta da kyau, ruwan madara ya ce, tana ta walƙiya da ƙarfe da gilasai, kujerunta na koriyar fata. Lokacin yana cikin sha'awar maƙwabcinsa ne. Bayan haɗarin, Michaelis, Bagirken da ke da shagon kofi kusa da garejin, ya ce wa ɗan sanda na farko yana jin koriya ce mai haske, bai ma tabbatar ba. Sai wani baƙar fata mai kyakkyawar shiga ya matso ya ce babbar mota ce sabuwa ruwan ɗorawa, daga nan sunanta ya zauna, motar nan ruwan ɗorawa, kuma da wannan kalar George Wilson ya bi sawu.

Ka ga yadda abin ya ɗaure. Da rana a hanyar shiga gari an yi musayar motoci, Tom ne ya tuƙa ta Gatsby ya tsaya shan mai a garejin Wilson, shi kuma Gatsby da Daisy suna cikin shuɗiyar motar Tom. Myrtle, wadda ke neman Tom a ɓoye, tana leƙowa ta taga ta ga Tom cikin motar. Da dare ta hango motar tana dawowa sai ta ruga titi tana ɗaga hannu, a zatonta Tom ne. Ita ma kenan ta ruga wajen wata kala da ta ɗauka ita ce mafitarta, ba ta san wa ke ciki ba. Kuma ina ganin ba banza ba marubucin ya sa shaida ɗaya ya ce koriya ce. Abin da ke kore ga mai buri shi ne ya bi ta kan wata mai burin.

Toka fa? Kwarin tokar nan wuri ne na gaske?

Ƙwarai. Tsakanin West Egg da New York jirgin ƙasa da titi suna ratsa wani fili da ake zubar da toka, Fitzgerald ya ɗauko shi ne daga jujin toka na Corona a yankin Queens, inda daga baya aka share aka yi baje kolin duniya na 1939, yau filin shaƙatawa ne na Flushing Meadows. A littafin komai na wurin ruwan toka ne, gidaje, taragon jirgi, har mutanen da ke kwasa da shebur. Wilson kansa toka ta lulluɓe masa kwat da gashi. Wannan tokar ita ce ragowar wutar da ta haska birni da gidajen masu kuɗi, kuma duk wanda zai tafi shagali ko ya dawo dole ya wuce ta ciki. Myrtle kaɗai ce tokar ba ta kama ba, shi ya sa muke ganinta tana ta canza kaya a babi na 2, daga shuɗiyar riga a gareji zuwa ruwan ƙasa a jirgi zuwa ruwan madara a ɗakin da Tom ya kama mata, tana canza riga tana canza murya da taku, a tasha ma sai da ta bar tasi huɗu suka wuce ta zaɓi sabuwa mai ruwan shunayya.

Idanun da ke kan allon talla, Allah ake nufi?

Tsohon allon tallar wani likitan ido ne, Dakta T. J. Eckleburg, manyan idanu shuɗɗa cikin tabarau ruwan ɗorawa, ba fuska ba hanci, rana da ruwa sun koɗar da fentin, suna kallon kwarin toka. Wilson ne, bayan mutuwar matarsa hankalinsa ya gushe, ya tsaya a taga yana kallonsu yana cewa Allah yana ganin komai, Michaelis ya ce masa ai wannan talla ce. Littafin bai ce allon Allah ne ba, Wilson ne ya ce. Abin tausayin shi ne mutum ya shiga irin wannan masifa, aka tambaye shi ko yana da cocin da yake zuwa ya ce babu, ya ɗaga kai neman wanda zai yi masa hukunci na adalci bai samu komai a sama ba sai tallar wani da ya daɗe da barin unguwar.

Shuɗi a wasu wuraren yana bin Gatsby: lambunansa da dare, filin ciyawarsa a shafin ƙarshe, kayan direbansa, da shuɗiyar kwat ɗin da Cody ya fara saya masa.

Me ya sa Tom ya raina kwat ruwan hoda?

Saboda a ajinsu namijin da ya fito daga babban gida ba ya sa irin wannan. Da aka ce Gatsby ya yi karatu a jami'ar Oxford, hujjar da Tom ya kawo ta ƙaryatawa ita ce ai mutum ne da ke sa kwat ruwan hoda. Kala ɗaya ta tona shi a matsayin baƙo. Amma Nick da idonsa daban ya gani. Daren haɗarin Gatsby ya tsaya cikin wannan kwat ɗin a wajen gidan su Daisy har wajen ƙarfe 4 na asuba yana gadi kar Tom ya taɓa ta, alhali su biyun suna kicin zaune da kaza mai sanyi a gabansu suna shirya yadda za su fita. Da safe, ganin ƙarshe da Nick ya yi masa da rai, yana tsaye da ita a kan fararen matakalar gidansa, a nan ne Nick ya juyo ya ɗaga murya ya ce masa ya fi su duka a haɗe.

Ja ba shi da yawa ko?

Ba shi da yawa amma yana nan. Gidan Buchanan ja da fari ne, dardumar falon kalar jan giya, sai jinin Myrtle ranar da Tom ya fasa mata hanci don ta ambaci sunan Daisy, sai nata a kan titi cikin ƙura, sai siririn jan da'irar da ya zana a ruwan wurin ninƙaya bayan Wilson ya harbe Gatsby.

Bangon littafin da fina-finai za su taimaka min?

Bangon farko wani mai zane Francis Cugat ne ya yi, shuɗi mai duhu da idanun mace da leɓe suna shawagi a saman fitilun gari, da ɗigon hawaye kore yana gangarowa. An gama zanen tun kafin a gama littafin, Fitzgerald ya rubuta wa editansa Maxwell Perkins cewa kar a ba wani wannan bangon don ya riga ya shigar da shi cikin labarin. Fim kuwa akwai na 1974 da Robert Redford da na 2013 da Leonardo DiCaprio, ka kalla ba laifi, amma kyamara dole ta zaɓi kala ɗaya ta ba motar tun daga farko, don haka rikicin shaidun nan da muka yi magana ba za ka same shi yadda yake a rubuce ba. Littafin ya fita daga haƙƙin mallaka a Amurka tun Janairun 2021, ana samunsa kyauta a intanet.

In an tambaye ni a jarrabawa, ta yaya zan rubuta?

Kar ka jero kala bakwai kowace da layi biyu. Ɗauki ɗaya ko biyu ka bi su babi-babi, ka faɗi wa ke kallo, daga ina, me ya faru kafin nan da bayan nan, sannan ka nuna inda ma'anar ta juya. In kore ka ɗauka, babi na 1 da 5 da 9 ne ginshiƙanka, ka ƙara da rigar Gatz a babi na 6 da shaidar Michaelis a babi na 7. In fari ne, ka haɗa rigar Daisy da maganar Tom a teburi, ka kuma kawo farin katin da Gatsby ya nuna wa ɗan sandan da ya tare shi a babi na 4, ɗan sandan ya ba shi haƙuri ya bar shi ya wuce. Kuma kullum ka tuna Nick ne ke ba mu kowace kala, mutumin da ke son Gatsby kuma yake ƙyamar hanyar da ya samu kuɗinsa, saboda haka ka rubuta "Nick ya ga" a inda ya dace, kar ka rubuta kamar marubucin ne ya yanke hukunci.